Kajin da Ba Sa Zama a Cinya

"Ba zan yanka su ba, Hajiya."

Tahani ta faɗa tana tsaye a saman benensu, kwanon dusa a hannunta. Hajiya Ni'imat, mahaifiyar Ramzi wanda zai aure ta, ta hawo matakala da ƙyar tana dafa gwiwa don ta faɗi magana ɗaya, ga shi an mayar mata da ita tun ba ta huce ba.

"Yarinya, saman bene ɗaya ne a gidana, kajina ne a kai. Waɗannan shaiɗanun naki a dafa su da miyar mulukiya ranar biki, ki shigo da kayan ɗakinki kawai."

"Na kakata ne. Tun kafin a haifi babana jininsu ke gidan nan."

Kajin ma sun tsere can kan katanga, wuya fari tas, jiki zane-zanen baƙi da fari, wutsiya a miƙe. Irin kajin yankin Fayyum ke nan, ba sa yarda hannu ya taɓa su.

Su ne kuma suka haɗa ta da Ramzi. Benayensu na jingine da juna, wata kazarta ta maida kwandon tsumman su Ramzi wurin yin ƙwai. Kullum ya dawo daga gyaran injinan ban ruwa sai ya miƙo mata ƙwan ta kan katanga, da tambaya a bakinsa.

"Me ya sa ƙwan naku ƙarami haka?"

"Fasa ka ga gwaiduwar."

Ya fasa. Washegari ya dawo da wata tambayar.

Da yammacin ranar da aka yi rigimar ya leƙo ta katangar, fuskarsa ba walwala.

"Hasken idona, me kika yi wa Umma?"

"Gaskiya na faɗa mata."

"To ni faɗa min. Nata jajayen ba su fi naki ƙwai ba?"

"Sun fi," ta ce ba ta ko ɗauke kai ba. "Kusan kullum suke yi, ƙwai manya. Ga sanyin hali, ka ɗauki ɗaya ka ɗora a cinya ta yi barci. Ga mai ciwon gwiwa irin Hajiya babu kamarsu."

Ramzi ya buɗe baki. "Ke da kanki kike yabonsu?"

"Karatun noma na yi, ba na ƙarya ba. Amma zafin bazara na kwantar da su, kuma in sun tsufa sai a koma kasuwa a sayo wasu, don 'ya'yansu ba sa biyo su. Nawa kuwa da wuri suke fara ƙwai, su nemi abincinsu da kansu, su hango shirwa tun tana nesa."

"Ga ihu."

"Ga ihu," ta yarda, murmushi na neman ƙwace mata. "Ga rashin son kwanci. Sai na ari kazar maƙwabta ta ƙyanƙyashe min."

"Waɗancan masu tukku da kika ware a keji fa?"

"Irin Dandarawi ne. Sun fi haƙuri. So nake in haɗa su da zakaran kakata in ga me zai fito... ko za a samu mai ƙarfin wannan da natsuwar waccan."

"In kuma aka samu mai ihun wannan da tukkun waccan?"

"Sai in sa mata sunanka."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya.

"Tahani, kaji ne fa..."

"Na sani. Amma da ta ce in rage su, ko in yi musu raga, da na ji. Cewa ta yi in shigo ba tare da komai nawa ba."

Afaf, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda tun suna yara take ganin Ramzi nata ne, ba ta zauna ba. Ranar da mata suka taru yin burodi a gidan Hajiya, ta watsa tsaba a bakin katanga. Kafin a ankara kajin Tahani sun diro, zakaran ya bi jajayen da sara, wata kuma ta sauka tsakiyar ƙullun da aka shanya.

"Inna, kin gani," Afaf ta ce a hankali, yadda kowa zai ji. "Wadda kajinta ke tsallake katanga, ita me zai hana ta?"

Tahani ta zo da kanta ta kore su, ta wanke faranti, ta ba da haƙuri. Ta ga tsabar, ta ga siket ɗin Afaf da ƙaiƙayi, amma ba ta tona ta ba.

Hajiya ta kira ɗanta a gaban matan.

"Ko kajin, ko ɗakin da na gina maka a sama."

Ramzi ya dubi Tahani, idonsa na roƙo. Ta san kalma ɗaya za ta ce komai ya wuce. Ta girgiza kai.

"Ka yafe min, masoyina. Ba zan iya ba."

Ya juya ya dubi mahaifiyarsa.

"Umma, ki ba Fu'ad ɗakin," ya ce, yana nufin ƙanensa. "Ni zan nemi wani saman benen."

An ɗaura auren bayan girbin alkama. Suka kama ɗaki a ƙarshen ƙauye, kusa da magudanar ruwa. Ramzi ya kafa raga da hannunsa, ya koyi bambance kajin da muryarsu, har ya fi ta ɗokin ganin 'yan tsakin farko. Sun fito da ɗan tukku, da ƙafa mai sauri. Halinsu kuwa har yanzu ana kallo.

Tahani ba ta yi nadama ba, kuma ba ta ɓoye wa kanta abin da ta biya ba. Hajiya ba ta zo wurin sa lalle ba, ba ta taɓa taka gidansu ba. Duk Juma'a Ramzi yana wanka ya tafi cin abincin rana wurin mahaifiyarsa shi kaɗai, ya dawo ya ƙi ba da labari. Kajin kakarta suna raye, mijinta na sonta, amma ta raba shi da gidan da aka haife shi, kuma ita ce ta san hakan fiye da kowa.