Kwalbar da Na Cika a Famfo

Aikina a matatar ruwan ƙazanta ba mai wuya ba ne. Kullum da yamma in gangara bakin kogi, inda babban bututu ke zubar da ruwan da muka tace, in ɗebo a kwalba, in auna, in sa hannu a takarda.

Sai injin tacewa ya mutu. Ogana, mutumin da ba ya shan ruwa sai na gora, ya sa ana buɗe ƙofar gefe da magariba, kashi da fitsarin gari duka su wuce kogi ɗanye. Ni kuma ya ce in riƙa cika kwalbar a famfon ofis, in gangara da ita a cike don idon mutane. Na ce akwai masu shan ruwan nan a ƙasa. Ya ce in tuna ina da 'ya a goye, kuma masu neman kujerata sun fi ƙuda yawa. Sati shida ina sa hannu a kan ƙarya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi, in shaƙe kaina.

Ran nan na gangara, rana ta kusa faɗuwa. Wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kumfa ta rufe gaɓa, matattun kifaye sun juya ciki sama. Ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka.

Sai na ji facal-facal, kamar ana wanka.

Wata tsohuwa ce tsaye cikin ruwa har ƙugu, daidai bakin bututun, tana cuɗa wani yaro. Jikinsa duk gyambo. Ba ya kuka, kallona kawai yake.

"Ke ce mai sa hannu?"

Tana can nesa, ba ta ko juyo ba, amma a cikin kunnena na ji raɗar.

"Kin ce mai kyau ne. Na gaskata ki, na yi wa jikana wanka."

Na dubi kwalbar hannuna. Ruwan famfon ya zama baƙi wuluk, tsutsotsi na motsi a ciki.

"Ina jin ƙanshin nono a jikinki, 'yar nan."

Hannunta ya miƙo ta saman ruwa. Yana ta tsawo. Ya kama ni a idon sawu, sanyi kamar ƙanƙara.

Na fizge. Addu'ar ma a guntule ta fito. Takalmina ɗaya na can har yau.

Da na isa gida na buɗe famfo zan yi wa 'yata wanka. Baƙi. Na leƙa randa. Baƙi. Maƙwabciyata ta kawo mini bokiti guda, fari tas, ina taɓa shi ya juye. Yarinyar ta kwana babu wanka, ni kuma babu ko kurɓi.

Gari na wayewa na koma bakin bututun, na cika kwalba da ainihin abin da muke zubarwa. Na wuce ta gaban Oga da ita, na kai wa jami'an lafiya da hannuna. Kafin azahar ya kore ni. Kafin la'asar famfona ya koma fari.

Injin da aka ce babu kayan gyaransa, kwana uku aka yi ya tashi.

Bayan sati sai ga Oga a ƙofar gidana, ya rame, leɓensa duk ya tsage. Wai ko sabuwar gora ya buɗe, baƙi ruwan yake zama. Wai don Allah, Malama, in je in roƙar masa tsohuwar, tunda ni ta sani.

Na shiga ciki, na ɗauko kwalba, na miƙa masa.

"Ka san hanya, Oga. Da magariba take fitowa."