Abin da Mudassiru Ya Goyo Daga Bakin Kanal

Ke Muhsina, wa ya aike ki tambaya? Mutum yana jin ɗuminsa kin zo kin tsare shi, wai me ya sa Yaya Mudassiru yake ɗingishi in sanyi ya shigo. To, tunda kun nace, ku matso. Wadda ta yi fitsarin kwance ita za ta wanke tabarmarta.

Kun dai san yayanku da keke. Ba irin na kakanku ba, wanda yake ɗaukar buhun albasa daga nan har kasuwar Kura. Nasa wani siriri ne ya sayo a birni, taya kamar tsinken tsintsiya, babu kariya, ko ƙullin gishiri ba ya ɗauka. Ga hular kwano, ga safar hannu, ga wani wando mai ɗame cinya da na hana shi ratsa mini tsakar gida da shi. Ga agogo wai mai ƙirga bugun zuciya. A kan keken kuma ya ɗaure wata 'yar na'ura, wata mata a ciki tana gaya masa nisan da ya yi da Turanci.

In sanyin asuba ya yi tsanani, sai ya ɗora tayar baya a kan wani ƙarfe a ɗakinsa, ya hau ya yi ta tuƙi. Gumi sharkaf, bai je ko zaure ba. Ubansa Sammani kuwa yana can cikin ruwa yana ban-ruwan alkama.

Duk wannan na haɗiye. Abu ɗaya na yi faɗa a kai: ya cire ƙararrawa, wai nauyi take ƙara masa.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san ƙa'ida. In za ka wuce ƙofar ruwa ta babban kanal da almuru, sai ka yi motsi. Mai keke ya kaɗa ƙararrawa, mai tafiya a ƙasa ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla, ya ce a gafara. Simintin wurin yana riƙe zafin rana, shi ya sa lokacin sanyi mutanen ɓoye suke fito da 'ya'yansu su sha ɗumi a kai. Su ma iyaye ne. In sun ji ka, sai su janye yaransu. Keken Mudassiru kuwa kullum cikin shan mai yake, ko ƙas ba ya yi.

"Tsohuwa, wannan ai zancen da ne," in ji shi.

"Ubanka ne zancen da," na ce.

Ran nan dab da magariba na ba shi kunu a filas da bargo ya kai wa ubansa gona, don layin ruwa ya zo kansa. Ya cusa a jakar baya, ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa, ya fice.

Ana sallame salla sai ga shi yana turo keken. Kunun yana jaka.

"Iya," ya ce a hankali. Ranar babu Tsohuwa. "Na taka wani abu a ƙofar ruwa. Mai laushi. Na haska, ban ga komai ba."

"Ka yi magana kafin ka wuce?"

Ya sunkuyar da kai. "Keken ma ya yi nauyi. Na kasa tuƙa shi."

Kafin isha'i ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na gasa, na shafa man zafi, liman ya zo ya yi tofi. Da safe sanyin ya hau ƙwauri. Aka kai shi asibiti, aka ce ba karaya, aka ba shi ƙwayoyi. Da la'asar ya wuce gwiwa, ko tsunkulinsa ka yi ba ya ji.

Na shiga ɗakinsa ɗauko masa mayafi. Ƙarni ya buge ni, ƙarnin gansakuka da taɓon kanal. Keken yana kan ƙarfensa. Tayar baya tana juyawa ita kaɗai.

Tik. Tik. Tik.

Sirdin jiƙe yake. A ƙasa ga sawu, 'yan mitsi-mitsi, ɗanye, daga keken zuwa bakin ƙofa, su juyo su dawo. Ƙafa ɗaya ce take takawa. Ɗayar jan ta ake yi.

Nan na gane. Ɗan mutanen ɓoye ne. Ba taka shi kawai ya yi ba, goyo shi ya yi har gida. Yaron bai san hanyar komawa ba, uwarsa kuma ta riƙe ƙafar namu.

Baffanku Ɗanbaba ya ce a ƙona keken. Na ce, "Da ɗan mutane a kai?" Na ce to wa zai mayar? Maza cike da gida, kowa ya kama kallon ƙasa. Na yi tsaki, na ɗaure gyalena a ƙugu, na sauke keken na tura.

Rana ta faɗi ina kan hanyar kanal. Sanyi yana yankan kunne. Tururi yana tashi daga ruwa. Ina jin ƙamshin albasa da hayaƙin karan da masu gadi suka hura, can nesa injin ban-ruwa yana tuf-tuf-tuf. Keken da nake ɗagawa da hannu ɗaya, yau kamar na ɗora masa turmi.

Sai matar cikin na'urar nan ta yi magana. Ba wanda ya taɓa ta. Na ce, "Ke kuma rufe mana baki."

Wani abu ya yi shessheƙa a gefen gwiwar hannuna.

Ban duba ba.

Sai ɗan hannu, jiƙaƙƙe, mai sanyi, ya kama yatsuna biyu. Ya riƙe kamar yadda kuke riƙe ni a kasuwa.

Kwaɗi suka yi tsit. Injin ya mutu.

Na iso ƙofar ruwa. Na yi gyaran murya, na yi bisimilla.

"Salamu alaikum, masu wuri. Ga ɗanku na kawo."

Ruwan da yake zuba ya daina ƙara. Yana zuba, amma ba ƙara.

Wani abu ya miƙe daga cikin tururin. Ya yi ta miƙewa. Na kafe idona a ƙasa. Ƙafafu kawai na gani, dogaye, ruwa yana ɗiga.

"Wa ya taka?" Muryar kamar iska a cikin tiyo.

"Jikana. Kunne ne ba shi da shi, amma bai yi da gangan ba."

"Kawo shi."

"Ba zan kawo ba. Na dawo miki da naki. Sakar mini nawa."



Keken ya yi sakayau. Yaron ya sauka.

Amma bai saki yatsuna ba.

Ya ja.

Takalmina ya zame a kan siminti. Ruwa ya kai mini idon sawu. Ya kai ƙwauri.

Ni ba karatu ne da ni ba. Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, su na sani, su na kama da ƙarfi. Na tattara abin da ya rage mini, na hankaɗa keken tsakaninmu. Ya faɗa kanal, fanjam.

Hannun ya sulluɓe.

Na rarrafo na hau. Daga wajen Bunkure aka kira salla. Na zura da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi, ban waiwaya ba.

Na tarar da Mudassiru zaune yana gumi, yana motsa yatsun ƙafa. Ya dube ni, zanina jiƙe, ina haki. Kun san abin da ya fara cewa?

"Iya, ina kekena?"

Da hannun nan na zabga masa mari. Ya yi ƙara, ba don zafi ba, don sanyi. Bayan girbin alkama kuwa ya je ya sayo wani keken.

Yatsun nan biyu, tun ranar ba su ƙara ɗumi ba, ko na sa su a bakin murhu. Kuma in almuru ta yi, wani lokaci nakan ji an ɗan matsa su, a hankali, a saki.

Ga su. Saliha, taɓa ki ji. A'a, ina za ki? Ba ku kuka ce a ba ku labari ba?

Ku tashi ku ba ni wuri. Kowacce ta yi addu'a ta ja bargo, kada in ƙara jin ko tari.