Hatimi Biyu a Kan Buƙata Ɗaya

Da safiyar Litinin aka kawo wa Sufeto rahoto. Katan arba'in na allurar masu ciwon suga sun ɓace daga siton magunguna, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Tun Talatar da ta wuce aka fita da su, sai yau da asibitoci suka fara kira aka farga.

Mai sito ya tarbe su shi da Saje a bakin ɗakin sanyi, yana sanye da rigar sanyi biyu amma gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Yaya kaya ke fita a nan?" Sufeto ya tambaya.

"Asibiti ya yi oda ta manhaja, ranka ya daɗe. Manhajar ta aiko wa na'urarmu buƙata. In allo ya yi kore, mu saki kaya."

"Ran Talata ya yi kore?"

"Shar, da ƙarfe uku na rana."

"Ka duba katin direban?"

"Na duba."

"Sunansa?"

Mai sito ya kama shafa aljihu. Saje ya jawo littafin bakin ƙofa ya buɗe, layin Talata fari fes.

"Baba, ka duba kati ko ka duba allo?"

"Allo, ranka ya daɗe," ya ce a hankali. "Shekara biyu bai taɓa yi mana ƙarya ba."

Kafin la'asar kamfanin da ya yi manhajar ya aiko da takarda guda. Buƙatar da ta fitar da kayan na ɗauke da hatimin wata ma'aikaciyarsu, ƙaramar injiniya da suke kira Auta. A ranar aka kamo ta, ta kwana a bayan kanta.

Washegari Sufurtanda ya tsayar da Sufeto a kan matakala.

"Ga hatimi, ga mai hatimi. Gobe kotu. Kar ka ja mini abin nan."

A kan bencin waje wani dattijo ke zaune, awon tela rataye a wuyansa, da alama daga kan keken ɗinki ya taso. Ya miƙe da ya ga Sufeto.

"Yallaɓai, ni ne mahaifinta. Ga tabaraunta, ba ta gani sosai in babu shi. Bakinta dai ka yi haƙuri da shi, na uwarta ta ɗauko."

Sufeto ya karɓa ya wuce.

Auta ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi barci ba, idanunta sun nuna. Ta saka tabarau, ta jawo takardar kamfanin ta karanta, ta ture ta da yatsa ɗaya.

"Hatiminki ne?"

"Nawa ne. Tsohon."

"Akwai sabo ke nan. Yi mini bayani kamar wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba."

"Yallaɓai, ka ɗauka kowace buƙata wasiƙa ce. Sito ba ya karɓar wasiƙar da ba hatimi. Da can kowa da hannunsa yake liƙa nasa, wani dogon jerin haruffa da lambobi. Wani ya manta, wani ya ari na wani. Sai na rubuta abin da zai tsaya a bakin ƙofar manhajar, duk wasiƙar da za ta fita ya buga mata hatimin wanda ya shiga da sunansa, ko ya so ko bai so ba. Sati uku ke nan yana aiki."

"To me ya kawo tsohon naki nan?"

"Wani ya liƙa shi da hannu."

"A ina ya samu?"

Ta yi wani murmushi marar daɗi.

"A jikin allon bangon ofishinmu yake a rubuce. Wata bakwai da shi ake gwaji a ofis. Ni ce ƙarama, in abu ya lalace a ce Auta ce. Ni ke dafa shayi, ni ke ɗaukar laifi. Na jure, don na san abin da na je koya. Da na gama aikin nan na rubuta wa Manaja cewa a kashe tsofaffin hatimai duka."

"An kashe?"

"Da an kashe da ban kwana ina kirga sauro ba."

Saje ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sufeto bai ɗaga kai ba.

"Duk wannan bai fitar da ke ba. Ke ma kina iya liƙa shi."

"Haka ne. Shi ya sa nake so ka kai ni gaban cikakken tarihin buƙatun a kwamfutar ofis, ba wannan tsagin ba. Wannan layi ɗaya aka bugo maka. Mai tsaron ƙofata ba ya duba ko an riga an liƙa wani hatimi, nasa yake bugawa a ƙasa. Biyu ne a kan wasiƙar nan." Ta gyara zaman tabaraunta. "Amma tarihin kwana bakwai yake yi ya goge kansa. Yau ne na bakwai. Ƙarfe uku."

Sufeto ya dubi agogo. Sha ɗaya da kwata.

Sufurtanda ya shiga taro, kuma ba a fitar da wanda ke tsare sai da sa hannunsa. Sufeto ya bar Saje a ƙofar ɗakin taron da takarda da biro, shi ya wuce kamfanin.

Ofishin a bene na biyu yake, dogon ɗaki mai tebura takwas, wayoyin caji sun harɗe a ƙasa kamar saiwa. An goge allon bango tas, har yana ƙyalli. Teburi ɗaya kusa da butar shayi babu kowa a kai.

Manaja ya shigar da shi ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Mun riƙe yarinyar nan kamar 'ya. Abin ya yi mana ciwo."

"Ta nemi a kashe tsofaffin hatimai?"

"An kashe ai. Nan take."

"Wanda aka kashe ne ya buɗe sito?"

Manaja ya gyara wuyan riga.

"Nuna mini takardar da ta rubuto."

Ya daɗe yana laluben aljihun tebur kafin ya fito da ita. A ƙasanta an rubuta da jan biro: A dakata tukuna. Sa hannun ba na Manaja ba ne.

"Wane ne wannan?"

"Babban injiniyanmu. Gwani muke ce masa. Shi ya ce kar a yi gaggawa, ni kuma ban san kan waɗannan abubuwan ba."

Gwani na zaune a teburin da ke bakin taga, allo uku a gabansa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya jawo wa Sufeto kujera da fara'a.

"Kai ka bugo mana takardar jiya?"

"Ni ne. Aikina ne."

"Me ya sa ka ce a dakata da kashe hatimai?"

"Yallaɓai, ba a rushe tsohuwar gada don yaro ya ce ya gina sabuwa. Sai an ga ta ɗauki kaya."

"Ka duba aikin nata?"

"Layi bayan layi. A nan ba abin da ke shiga manhaja sai babba ya karanta ya amince. Ƙa'ida ce."

"Ina son ganin amincewar."

Gwani ya buɗe ba tare da wani ɗar ba. Sufeto bai gane ko harafi ɗaya a cikin rubutun ba, amma ya iya karanta agogo. An turo aikin sha biyu da minti huɗu. An amince sha biyu da minti shida.

"Layi nawa ne?"

"Ɗari huɗu da wani abu."

"A minti biyu."

"Shekara goma sha ɗaya nake wannan aiki," Gwani ya ce yana murmushi. "Aikin yara kallo ɗaya nake masa."

Sufeto ya fita baranda ya kira Saje. Taro bai tashi ba. Ƙarfe ɗaya ya yi, ɗaya da rabi ta wuce. Ya tsaya yana kallon titi. In uku ta buga, abin da zai rage a duniya shi ne takarda guda mai sunan yarinyar, da shi kansa da zai kai ta gaban alƙali.

Biyu da minti goma Saje ya kira.

"Ya sa hannu, yallaɓai. Ya ce in ba a samu komai ba, kai za ka yi bayani."

"Ku taho da ita. Kar ku bi ta kasuwa."

Uku saura ashirin suka hauro benen. Ma'aikata suka sunkuyar da kai kan allunansu. Auta ta shigo da kayan jiya a jikinta, kanta a sama, mahaifinta na biye a baya yana haki, don ya ƙi a bar shi.

Ta zauna a teburinta ta buga sunanta. Allon ya ƙi.

"An rufe ni."

"Dole," in ji Gwani. "Wanda ake tuhuma ba ya taɓa na'ura. Sai an rubuto a hukumance, mu duba, zuwa gobe."

"Buɗe mata," Sufeto ya ce.

"Ƙa'idar kamfani…"

"Manaja, ko ya buɗe, ko in rubuta cewa kamfaninku ya ɓoye shaida. Zaɓi ɗaya."

Manaja ya dubi Gwani kamar mai roƙo. Gwani ya ɗaga kafaɗa, ya danna abin da zai danna.

"Ta duba. Abin da na bugo shi za ta gani."

Saura minti goma sha ɗaya. Ta yi kuskure sau biyu, ta goge. Mahaifinta ya matso bayan kujerarta.

"A hankali, uwata. Ba a zura zare da gaggawa."

"Baba, ka bari mana."

Ta samo ranar Talata, ta gangara zuwa ƙarfe uku, ta buɗe buƙatar gaba ɗayanta. Ta ɗora yatsa a kan allo.

"Ga nawa, wanda aka liƙa da hannu. Hatimin farko sito yake karantawa, shi ya sa ya yi kore." Ta sauke yatsan layi uku. "Ga wanda aka buga a ƙofa."

Sufeto ya sunkuya. Sunan Gwani ne, da lambar kwamfutar da ke bakin taga.

"Saje, ɗauki hoto. Ke kuma bugo mini a takarda, kwafi uku."

Sai da injin buga takardu ya fara ƙara sannan Gwani ya taso. Ya zo ya tsaya yana karanta layin, leɓɓansa na motsi.

"Wannan ba ya cikin tsarin. In an sa hatimi da hannu, ai naki ya kamata ya janye."

"A shafi na biyu na aikin da na turo maka na rubuta cewa ba ya janyewa," ta ce. "Har da ja na yi masa layi, don kai."

"Wa ya gaya maka an sa da hannu daga teburinka, har kake gardamar abin da ya kamata?" Sufeto ya tambaya.

Gwani ya koma ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

"Wani mai kemis ne ya daɗe yana bina," ya ce daga baya, idonsa a ƙasa. "Shi ya kawo mota da direba. Na ga in aka kashe tsofaffin hatimai ƙofar ta rufe ke nan, sai na ce a dakata. Na ɗauka za a kore ta ne kawai, ba za a kai ga kotu ba. Yarinya ce, za ta samu wani aikin."

"Allon bangon fa?"

"Ni na goge, jiya."

"Kayan suna ina?"

Ya faɗi sunan kemis ɗin da layin da yake. Saje ya rubuta, ya fito da ankwa.

Manaja ya matso kusa da Sufeto yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, akwai matakala ta baya. Saboda sunan kamfani, ka gane. Akwai masu shaguna a ƙasa, ga jama'a."

Auta na tattara takardun daga injin. Ba ta juyo ba.

"Ni jiya ta gaba aka bi da ni. Har mai sayar da katin waya sai da ya leƙo."

Manaja ya ja da baya.

Sufeto ya karɓi takardun daga hannunta, ya ninke su ya saka a aljihun gaba. Ya kama Gwani a gwiwar hannu.

"Saje, ta gaba."