Titin Da Ya Shigo Aji A Kife

"Mama ta ce a fasa."

Tana tsaye a kan benci, salatif a bakinta, kwali a hannunta, maganar ta same ta. Ba ta juyo ba. Sai da ta gama manna kwalin a kusurwar tagar, ta danne shi da tafin hannu, sannan ta cire salatif ɗin daga bakinta.

"A fasa me?"

"Kin san abin da nake nufi, rabin raina..."

"Ban sani ba. Faɗa min da bakinka."

Auta ya tsaya a bakin ƙofa. Daga wurin aiki ya taho kai tsaye, ko rigarsa ta injiniyoyi mai ruwan lemo bai cire ba.

"Aurenmu."

Ta sauko ta zauna a kan bencin. Saura wata guda fa! Har ɗinkin ya dawo daga wurin tela, yana rataye a bayan ƙofar ɗakinta.

"Me na yi?"

"An gaya mata wai kina kulle yara a cikin duhu. Wai kullum da rana sai an ji ihunsu har ofis. Wai har da Meyasa a ciki."

Meyasa 'yar yayarsa ce, jikar Mama ta farko, 'yar shekara huɗu. Sunan ya bi ta ne saboda ko sannu ka ce mata sai ta tambaye ka me ya sa. Ita ce ma sanadin haɗuwarsu. Ranar da ya fara kawo ta makarantar ya iske malamar rabin aji durƙushe a tsakar gida, hannayenta dumu-dumu da laka, yara kewaye da ita suna gina wa tururuwa gada. Injiniya guda ya kasa haƙuri ya ce gadar nan ba za ta tsaya ba, bari ya nuna musu. Ta ɗago ta dube shi ta ce a ajinta manya ba sa ba da amsa, in yana so ya tsaya sai dai ya mayar da hannayensa baya. Ya mayar. Gadar ta rushe, yaran suka sake wata, shi kuma tun daga ranar bai sake samun kansa ba.

Anti Kwali yaran suke ce mata, don duk shagon da ke layin ya san ta da roƙon kwali da murafen kwalba. Wannan kuwa tun farko bai kwanta wa Mama ba. Mace da digirinta, a ce ta ƙare a tsintar kwali? Da ƙyar Auta ya shawo kanta.

"Kai ka yarda?" ta tambaye shi.

"Haba sanyin idona! In na yarda me ya kawo ni? Amma dubi tagogin nan... ni kaina ban gane ba. Ban daɗe a wurin aiki ba, na dawo na tarar da ajinki kamar kogo. Me kuke yi a ciki?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa. Yaran ne suka gano abinsu, kuma sun sa na yi alkawarin ba wanda zai ji sai su suka nuna masa."

"Alkawari da 'yan shekara huɗu?"

"Alkawari dai."

Ya durƙusa a gabanta, ya yi ƙasa da murya.

"Saurare ni. Da tsakar rana Mama za ta zo ta cire Meyasa daga makarantar, ni zan kawo ta. Don Allah ki ɓanɓare kwalayen nan, na yau kawai. Ki jera su a kan kujeru, ki rubuta musu baƙaƙe a allo, ta tarar suna maimaitawa. In ta ga haka ta san ƙarya aka yi miki, shi ke nan an wuce wurin."

Ta dubi tagar. Aikin minti kaɗan ne, ta sani. Sai ta tuna fuskokin da za su shigo anjima da gudu, kowa da abin da ya kwana yana son gwadawa.

"In na cire, ƙaryar ta zama tawa ke nan. Gobe kuma in mayar a ɓoye? Haka zan zauna da Mama har ƙarshen rayuwata?"

"To kwali kika zaɓa a kaina?"

"Kar ka ce haka..."

"Me zan ce?"

Ya miƙe ya fita, ko waiwaye bai yi ba. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kukanta mai isarta, sannan ta share fuska, don ta ji ƙarar motar makaranta a bakin ƙofa.

Ba sai an gaya mata wanda ya kai gulmar ba. Sakatariyar makarantar 'yar aminiyar Mama ce, kuma kowa ya san ita Mama ta so wa Auta tun asali. Da hantsi sai ga ta ta leƙo, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa.

"Anti Kwali, yau ma akwai duhun? Na ji an ce za ku yi manyan baƙi."

"Akwai. Ki gaida ofis."

Rana ta take tsaka, yara suka fara tsalle.

"Anti lokaci ya yi! A kashe fitila!"

Hannunta na kan makunnin ke nan aka banko ƙofar. Mama ce, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, Sakatariya a bayanta tana riƙe mata jaka. Mama ta bi tagogin da kallo ɗaya bayan ɗaya, baƙin kwali ko'ina, ta dafe ƙirji.

"Ashe da gaske ne!"

Anti Kwali ta zube ƙasa. "Barka da rana, Mama."

"Riƙe gaisuwarki, yarinya. 'Ya'yan mutane aka ba ki amana, kika mayar da aji kurkuku? Ke, zo nan mu tafi!"

Meyasa ta zo da gudu, amma maimakon ta kama hanya sai ta rungume ƙafar kakarta.

"Kaka kin zo kallon titi? Rufe ƙofa! In ƙofa a buɗe take ba ya shigowa!"

"Wane titi?"

"Namu mana! Mu muka kama shi!"

Kafin Mama ta yi wata magana yara sun yanyame ta, wannan ya ja zani, wannan ya ja yatsa. Wasu biyu suka tura ƙofar da dukkan ƙarfinsu, ta rufe a kan hancin Sakatariya da jakar da take riƙe. Wata ta yi ɗage ta kashe fitila.

Duhu ya rufe su ɗif.

"Innalillahi! Ke, kunna min fitila!"

"Kaka ki yi shiru, idonki ne bai farka ba tukuna."

Anti Kwali tana durƙushe inda take. Ta dubi bangon da ke fuskantar tagar, farin bangon da ta kwashe duk zane-zanen da ke jikinsa. Babu komai sai wani toka-toka. Hadari ne ya tare rana, yau ɗin da ta fi kowace rana buƙatarta! Kalma biyu za ta faɗa ta yi wa Mama bayani, suna nan a kan harshenta. Ta cije leɓe, ta mayar da hannayenta baya.

"Na gaji da wannan shashancin," in ji Mama, tana laluben ƙofa.

A daidai lokacin ranar ta buɗe.

A hankali bangon ya fara ɗaukar launi, kamar ana zuba masa ruwa. Shuɗin sama ya bayyana a can ƙasa, daf da siminti, farin gajimare na tafiya a cikinsa kusa da ƙafafun yara. Bishiyar da ke tsallaken hanya ta sauko daga sama, ganyenta na kaɗawa, kanta a ƙasa. Ga rumfar mai gyaran takalmi a rataye. Sai ga wata jar mota ta ratso bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, tayoyinta a sama, ba ƙara, ba hayaƙi.

Yaran suka saki ihun nan da ake ji har ofis.

"Ja! Ja! Ni na fara gani!"

Mama ba ta motsa ba.

"Subhanallah... Majigi ne?"

"A'a Kaka, rami ne!"

Meyasa ta ja ta zuwa tagar. A tsakiyar kwalin, daidai tsayin yaro, akwai wata 'yar huda da ba ta fi ƙwayar wake ba, haske na tsiyayowa ta ciki. Suka hau ba ta labari duk a lokaci guda: gidan jemage suke ginawa, shi ya sa suka toshe tagogi, sai wani ya soka fensir a kwalin don jemagen ya sami iska, da suka juya sai suka ga titi ya biyo su ciki.

"Kalli, Kaka." Meyasa ta ɗora yatsa a kan hudar, duniyar bangon ta ɓace ɗungurungum. Ta ɗauke, ta dawo. "Ta nan yake shigowa. Ni na gano."

"Duk faɗin titin nan... ta wannan 'yar ƙofar?" Mama ta juya wajen da take jin numfashin malamar. "To me ya sa yake a kife?"

Dariya ta kusa ƙwace wa Anti Kwali a tsakiyar hawayenta. Ashe gado Meyasa ta yi.

"Ba mu gano ba tukuna, Mama. Muna kan bincike."

"Don ramin ya yi masa kaɗan ne, sai ya yi alkafura," in ji wani yaro.

"Ƙarya ne, jiri yake ji!"

"Jiya mun yi babban rami, sai ya yi haske amma ya dagule," wata ta ƙara da muryar manya. "Yau za mu gwada rami biyu."

Mama ta zauna a kan wata 'yar kujerar yara, ita da ko a gidan biki sai an kawo mata mai hannu. Wani mai keke ya wuce a saman bangon, tsuntsaye suka gifta ta wajen ƙafarta har ta ɗan janye ta.

"Laa! Ga Kawu! Kawu ya kife!"

Rigar ruwan lemo ce, ba mai ɓata ta. Mama ta ce ya jira a mota, amma ga shi a tsallaken titi, ɗan mitsitsi, kansa a ƙasa, yana kai da kawowa a gaban bishiyar. Ya tsaya ya dubi tagar, bai ga komai ba sai kwali. Ya taho kamar zai tsallako, ya fasa. Daga nan ya zauna a bakin kwalbati, ya cire hularsa, ya rufe fuska da ita. Hoton ba shi da kaifi sosai, amma ba sai da kaifi ba ake gane kafaɗun da ke jijjiga.

Meyasa ta ja zanin kakarta.

"Me ya sa Kawu yake kuka?"

Anti Kwali ta toshe bakinta da gefen mayafi. Mutumin da ko ranar da ƙarfe ya fasa masa ƙafa dariya ya yi ta yi mata a asibiti!

Mama ta miƙe, ta taka zuwa bangon ta raɓe daga gefe. Ta miƙa hannu a hankali kamar mai tsoron kar ta firgita shi, hoton ya bar bangon ya sauka a kan fatarta. Autanta ne ɗungurungum a cikin tafin hannunta, yana kuka bai san ana ganinsa ba.

"Rabon da in ga hawayen yaron nan tun rasuwar babansa," ta faɗa a hankali. "A gabana ko da safen nan cewa ya yi, to Mama, duk yadda kika ce."

Ta daɗe a haka, ba ta sauke hannun ba.

"'Yata..."

Anti Kwali ta ɗauka kunnenta ne.

"Da ke nake. Tashi ki je ki ɗago min shi. Ki ce masa ranar tana nan inda aka sa ta."

"Mama..."

"Je ki mana! Ki ja ƙofar da sauri, kar ki kore mana titi."

Ta fita a guje. Ta wuce Sakatariya a baranda, har yanzu da jakar a hannunta, ta tsallaka hanya hasken rana na kashe mata ido. Bai ji zuwanta ba sai da ta durƙusa a gabansa ta janye hular daga fuskarsa.

"Tashi, abin ƙaunata. Mama na kallonka."

Ya zabura, yana goge ido da hannun riga. Ya dubi ƙofar makarantar, ya dubi tagar da ke toshe.

"Ta ina?"

"Yara za su nuna maka."

"Me... me ta ce?"

"Ta ce ranar tana nan." Ta yi murmushi. "Kuma ta ce min 'yata."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji ba. Daga bayan baƙin kwalin nan kuwa sai ihun yara ya tashi, ana tafi ana buga ƙafa, kuma a cikin ƙananan muryoyin akwai wata babba guda ɗaya da dukansu biyu suka gane.