Rijiyar da Ba Ta Shiga Taswira Ba

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wani ya jira in ce ga ta nan. Wanda abin ya faru da shi yana nan da ransa a Birnin Kudu. Tasi'u mai hoto ake ce masa, abokin yayana ne tun suna makaranta.

Tasi'u ba mai hoton biki ba ne. Shi tsofaffin rijiyoyi ne suka shiga ransa, irin waɗanda fatake suka haƙa a kan hanyoyinsu tun kafin zuwan mota. Shekara biyu yana yawo a kan babur yana ɗaukar hotonsu. Shi da wani malamin tarihi, Dakta Sa'adu, suke son haɗa littafi. Dakta ke rubutu, Tasi'u ke shiga daji.

Daktan ne ya ba shi wata 'yar na'urar GPS. Ba ta fi kwalin ashana ba. Baƙa ce, da ɗan koren haske mai ƙyaftawa. Ba ta kira, ba ta aika saƙo. Aikinta ɗaya ne: duk inda ka taka, ta tambayi tauraron ɗan'adam, ta rubuta wurin da lokacin. In ya dawo gida sai ya jona ta da kwamfuta, a gwada lokacin da ke jikin kowane hoto da wanda ta rubuta, sai kowane hoto ya je ya zauna a gurbinsa a kan taswira. Shi ya sa ba ya fita sai ya daidaita agogon kyamararsa har daƙiƙa. A jikin madaurin jakarsa yake rataye ta.

Wata Laraba cikin damina, tayarsa ta yi faci a wani ƙauye kudu da gari, can inda duwatsu suka fara. Mai facin sunansa Ɗan'azumi. Yana aiki yana satar kallon jakar.

"Kai kaɗai kake tafe?"

"Ni kaɗai."

"Akwai wanda ya san ka biyo nan?"

Tasi'u bai so tambayar ba. A wannan zamanin, wanda ya tambaye ka haka, ka san me ake tsoro. Ya ce, "Kowa ya sani." Ƙarya yake yi. Ko matarsa bai gaya wa inda ya nufa ba.

Da ya ambaci rijiyoyi, sai Ɗan'azumi ya dakata da aiki. Ya ce akwai wata a bayan dutsen can mai kama da tukunya a kife, wadda ake sauka cikinta da ƙafa. "Amma ba a zuwa da rana tsaka. Kuma ba a zuwa a ɗaiɗai."

"Me ke can?"

"Masu ita."

Bai ƙara ba. Tasi'u ya yi ta juya maganar a ransa. Ko dai mutumin nan tura shi yake yi inda za a tare shi, ko kuma akwai abin da ake ɓoyewa a can, ana tsorata mutane don kada su gani. Ko ma wanne ne, rijiya mai matakala fa? Shekara biyu bai taɓa cin karo da irinta ba. Ya hau babur ya yi kamar zai koma gari, sai da ya ɓace wa mai faci sannan ya karya ta wata 'yar hanyar shanu.

Inda hanyar ta ƙare ya tura babur cikin sabara, ya rufe shi da ganye, ya ci gaba da ƙafa. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk laka. Rana ta kai tsaka. Yana zagaya dutsen sai ya lura da abu ɗaya: shiru. Damina ce, amma babu kukan tsuntsu, babu na kwaɗo. Ko ƙuda babu.

Sai ga rijiyar.

Bakinta ya kai faɗin ɗaki. An jera ta da jajayen duwatsu, ga matakala tana murɗawa tana sauka har inda ido ba ya kai. Babu ciyawa ko ɗaya a jikin matakalar. Ta yi sumul, kamar kullum ana taka ta. Tasi'u ya ciro kyamara. Ya ɗauka ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya kwanta rub da ciki ya ɗauki cikinta.

"Sannu da aiki, samari."

Ya juya baya da sauri. Babu kowa. Da ya maido da kansa, sai ga wani tsoho zaune a ɗaya bakin rijiyar, daidai gabansa. Farar riga, farin gemu, ƙafafunsa a zure cikin rijiya.

"Yauwa, Baba. Ban ga zuwanka ba."

"Ni na ga naka."

Bakin tsohon ne ya motsa, a gabansa. Amma muryar daga bayan wuyan Tasi'u ta fito, kusa da kunnensa na hagu. Ya ce a ransa, amon dutse ne. Dutse yana yin haka. Ya saci kallon kan duwatsun, ko zai ga wasu a laɓe da bindiga. Babu motsi.

Tsohon bai ko kalli kyamarar ba. Idonsa na kan ɗan koren hasken.

"Mene ne wancan mai ƙyafta ido?"

"Agogo ne, Baba."

"Agogo ba ya kallon sama."

Tasi'u ya kai hannu ya rufe na'urar. Tsohon ya sake jefo tambaya.

"Wa yake gaya wa inda muke?"

"Ba ya gaya wa kowa. Rubutawa kawai yake yi."

"Rubutu ai faɗa ne, sai dai a hankali. Wa ya aiko ka?"

"Babu. Littafi muke haɗawa, don na baya su san tarihi."

"Su sani, su zo. Su zo da mota. Su zo da injin tona." Tsohon ya girgiza kai. "Mun taso daga wuri uku saboda irinku. Nan ne na ƙarshe. Akwai mata a ƙasa, akwai jarirai."

A ƙasa. Tasi'u ya maimaita kalmar a ransa. Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai idonsa ya sauka a kan lakar da ke zagaye da rijiyar. Ga sawun takalminsa nan ko'ina. Ga kuma wani sawu da ya fito daga bakin matakalar ya zagaya zuwa inda tsohon yake zaune. Sawun kofato ne, irin na jaki. Amma biyu-biyu yake tafiya, ba huɗu ba.

Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Ya kai tsakiya ya rikice, ya sake farowa.

"Karanta, ba laifi," in ji muryar a bayan kunnensa. "Mu ma muna karantawa. Ba cutar da kai zan yi ba. Hoton da ka ɗauka, riƙe abinka, hoto ba ya nuna hanya. Amma mai ƙyafta idon nan, ajiye shi a nan. Kuma ka ba ni alkawari ba za ka tafi da wurin nan a rubuce ba."

"Na yi alkawari, Baba."

"Da bakinka ka faɗa."

Ya kwance na'urar. Ya ɗora ta a kan dutsen bakin rijiyar. Ya ja da baya, ya ja da baya, bai juya ba sai da dutsen ya raba su. Sannan ya zuba da gudu.

To, ɗan'adam. Yana isa wurin babur, ya ji kukan tsuntsaye ya dawo, sai zuciyarsa ta dawo ita ma. Ya fara lissafi. Anya ba tsoro ne ya sa ya ga kofato ba? Anya ba ubangidan masu haƙar ma'adinai ba ne a ɓoye, shi da mai faci bakinsu ɗaya? Kuma hoto ba tare da wuri ba, Dakta zai ce ina shaida? Ya ciro wayarsa daga aljihu. Ita ma ai tana gane wuri. Ya buɗe taswira, ya danna, ya ajiye alamar inda yake tsaye. Daga nan zuwa rijiyar bai kai tafiyar minti goma ba. Ya ce a ransa, ai ba rijiyar na rubuta ba, inda na ajiye babur na rubuta.

Ya isa gida bayan la'asar. Bai gaya wa matarsa Balaraba komai ba, sai dai ya ce mata na'urar ta faɗi a hanya. Ya dai aika wa Dakta hoto ɗaya, Dakta ya kira shi nan take yana ta kabbara, yana cewa wannan ita ce za ta hau bangon littafin.

Washegari da hantsi Balaraba tana shara, sai ya ji tsintsiya ta tsaya.

"Malam, zo ka gani."

A jikin ƙusar ƙofar ɗakinsu, ta ciki, ga na'urar a rataye da igiyar kaba. Igiyar a jiƙe take, tana ɗiga. Hasken na ƙyaftawa. Kusa da ita an rataye wani ɗan gora, cike da ruwa, an toshe bakinsa da ganye.

"Ba jiya ka ce ta faɗi a hanya ba?"

"Haka na ce."

"To wa ya shigo mana ɗaki? Ni na sa sakata da hannuna." Ta tsare shi da ido. "Malam, ina ka je jiya? Wa ka ba abin nan har ya san ƙofar ɗakina?"

Zuciyarsa ta tafi kan Ɗan'azumi. Shi ne. Ya biyo shi a baya, ya haura katanga, don ya tsorata shi. In kuwa haka ne, na'urar za ta tona shi, tunda duk inda aka bi da ita ta rubuta. Ya kunna kwamfuta ya jona ta. Balaraba na tsaye a kansa, tsintsiya a hannu.

Layi ya fito a kan taswira. Ga fitarsa daga gida, ga titi yana lanƙwasa, ga ƙauyen mai faci, ga hanyar shanu, ga rijiyar. Nan layin ya tsaya. Ya duba lokaci. Na'urar ta zauna a bakin rijiyar minti goma sha ɗaya bayan ya baro ta. Ya ciro waya ya duba lokacin da ya ajiye alamar nan. Daidai da daƙiƙar da ya danna, a daƙiƙar layin ya tashi.

Kuma bai bi titi ba.

Miƙe yake sambal, kamar an ja shi da zare. Ya ratsa ta tsakiyar dutsen. Ya ratsa kogi a inda babu gada, kogin da ya cika ya batse. Ya bi ta cikin gonaki, ta cikin gidajen mutane, bai kauce wa komai ba. Ba gudu ake yi ba, tafiyar ƙafa ce, ta mai natsuwa, babu hutu ko sau ɗaya. Da ya iso gidansu bai zo ta ƙofa ba. Ta katangar baya ya shigo, ya wuce ta bangon ɗaki, ya tsaya a gefen gado. Gefen da Balaraba ke kwana. Ya daɗe a nan kafin ya matsa zuwa ƙofa.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

Sai a lokacin ya gaya mata komai, har da alkawarin, har da wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya ce maka akwai matansu da jariransu, ka ɗauki adireshinsu. Shi ne ya zo ya ɗauki namu." Ta miƙo hannu. "Goge. Ina kallo."

Ya goge alamar daga waya. Ya goge layin daga kwamfuta, ya goge na cikin na'urar. Yana danna na ƙarshe, hasken ya mutu. An sa sabon batir, an kai wa masu gyara, ba ta sake kamawa ba.

Dakta Sa'adu bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Ya zo har gida. Ya ce, "Tasi'u, gaya min gaskiya, wa ya riga ni? Wa ka ba wurin?" Tasi'u ya rantse. Dakta ya ce to su hau mota ya nuna masa hanya da baki. Tasi'u ya ce ya karya alkawari sau ɗaya, ya ga abin da ya gani, ba zai ƙara ba. Dakta ya tashi ko ruwa bai sha ba. Littafin ya fito babu rijiyar, babu sunan Tasi'u, kuma har yau ba sa gaisawa.

Saura ɗan goran. Kwana uku yana rataye, an rasa mai taɓa shi. Kyauta ce ko gargaɗi, babu wanda ya sani. Balaraba ta ce ba za a sha ba, kuma ba za a zubar a kwata ba, kada ya zama raini. A ƙarshe ta yi bisimilla ta juye shi a gindin wani busasshen lemo da ke tsakar gidan, wanda suke shirin sarewa.

Bara na je gidan, na ga lemon da idona. Ya fi katanga tsawo. Rani da damina 'ya'ya ne a jikinsa, manya, har reshe na taɓa ƙasa. Suna nuna, su faɗo, Balaraba ta share ta binne. Babu wanda ya taɓa kai ɗaya bakinsa. Tsuntsu ma ba ya sauka a kai.

Don haka ku ji ni da kyau. In tafiya ta kai ku kudu, kuka hango dutse kamar tukunya a kife, ku bi titi ku wuce. Kada ɗayanku ya zagaya bayansa shi kaɗai. In kuma tsautsayi ya kai ku wurin da tsuntsaye suka yi shiru, ku yi sallama, ku kashe waya, ku juya. Ba kowane gida ne ke son a san ƙofarsa ba.