Darar Gada

Ranar da Mudassir ya fara ganin Rahinatu, dariya ta yi masa. Ya je gidansu ne, gidan masu ginin tukwane a Wudil, da wasu 'ya'yan dara da ya mulmula da yumɓu, yana so a gasa masa.

"Malam, waɗannan suna shiga wuta za su fashe," in ji ta. "Ka cunkushe su, ba ka rarake cikinsu ba."

Malamin lissafi ne a wata sakandare, ya shekara biyu yana ƙirƙirar wasa irin darar Turawa. Allonsa lanƙwasasshe ne kamar lauje, kogi ya ratsa tsakiya, gada ɗaya tak. A cikin 'ya'yan wasan, sa ba ya haye ruwa sai ta gada, kwalekwale ba ya hawa tudu, masunci kuwa yana cafke duk abin da ya zo gaɓa. Wanda ya kama sarkin ruwan abokinsa shi ya ci.

Ita ta sake gina masa 'ya'yan. Abin mako guda ya ɗauki wata biyu, domin kullum sai ya samo abin gyara, ita kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. A zaure ya koya mata wasan, a kwana na uku ta gano abin da ya shige masa duhu.

"Duk wanda ya riga hawa gada ya gama ci. Ka manta da rani? In an yi tafiya ashirin, ruwa ya janye, shanu su ratsa da ƙafa."

Yana isa gida ya tura mata saƙo: "'Yar Yumɓuna, wasan ya gyaru. Saura mai wasan, shi ma a hannunki gyaransa yake."

Ta amsa: "Malamina, ni na yarda. Baba ne gadar."

Malam Ɗantani, mahaifinta, ya ƙi. Saifuddeen, wani dillalin shanu da shi ma yake neman ta, ya riga ya kai masa labari cewa malamin caca yake koya wa 'yarsa. Tsohon dai gwanin dara ne, daga Lajawa har Kausani an san shi. Da Rahinatu ta yi ta roƙo, sai ya ce a kira yaron da allonsa, ya gani da idonsa.

Bayan la'asar Mudassir ya zo, ya durƙusa, aka gaisa har sau uku. Sau ɗaya aka yi wa tsohon bayani ya kama. Suka fara.

A nan Mudassir ya yi wautar masu ladabi. Ya ga hanyar ci ƙiri-ƙiri, amma ya ji nauyin kayar da uban yarinya a zaurensa, sai ya tura sarkin ruwansa bakin masunci.

Malam Ɗantani bai ɗauka ba. Ya ɗago kai ya dubi Mudassir.

"Caca dai babu, na gani. Amma ka mai da ni yaro. Mutumin da zai yi mini ƙarya don in ji daɗi, gobe in 'yata ba lafiya zai ce mini lafiya lau. Kwashe kayanka."

Mudassir ya fito, ya tabbata ya rasa ta. Kwana huɗu wayarsa shiru. A na biyar saƙo ya shigo: "Na yi kuka na gaji, Malamina. Jiya na ga Baba ya zana kogi a ƙasa yana jera tsakuwa. Ka dawo. In kana so na, ka cinye shi."

Ya koma, ya ba da haƙuri, aka jera. Wannan karon bai saurara ba, ya yi ta kwasa. Rani na zuwa ya ratsa da shanu biyu, ya kama sarkin ruwan tsohon.

"Wa ya kawo dokar ranin nan?" Malam Ɗantani ya tambaya.

"Rahinatu ce, Baba."

Tsohon ya yi murmushi, ya gyara hula. "Ka turo magabatanka."

Da aka sa rana, ana jibi ɗaurin aure tsohon ya aika aka kira Mudassir.

"Daga Juma'a kai surukina ne, kunya ba za ta bar mu mu zauna tabarma ɗaya ba. Jera mu yi na ƙarshe."

Suka buga har aka kira magariba, tsohon ya ci, ci na gaskiya. Ya dafa kan Mudassir.

"Yau ni na ci, jibi kai za ka tafi da abin da na fi so. Ka riƙe ta da gaskiya. Allah ya yi muku albarka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ɗaura.