Wa Zai Dafa Wa Rossella?

Murfin kwandon shara Rossella ta ɗaga don ta zubar da ɓawon lemo, sai hannunta ya tsaya cak.

Robobin gidan abinci ne cushe a ciki, da sauran jar miya a jikinsu, an lulluɓe su da tsohuwar jarida wai don kada a gani. Ga sunan shagon nan ɓaro-ɓaro, na Peppino mai sayar da dafaffen abinci a bakin kasuwa.

Wato duk abin da ta gama ci yanzu a teburin uwar saurayinta, ranar Lahadi, na saye ne!

"Saverio!"

Ya shigo kicin ɗin da farantai a hannu. Yana ganin inda take tsaye ya yi turus.

"Rossè... zuciyata, tsaya ki ji..."

"Wa ya sayo?"

Ya kau da kai.

"Na ce wa ya sayo?"

"Ni ne."

"Yau kaɗai?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk ranar da za ki zo. Mama ce ke aikena."

Tirƙashi! A garin nan namu, ko mai gyaran famfo rana ta yi masa a gidanka sai an ɗora masa tukunya. Balle yarinyar da ɗanka ya sa wa zobe. Kowa ya san surukar da uwar miji ba ta dafa wa ba, ba a karɓe ta ba, kuma a kan teburin Lahadi ake tsayar da ranar aure. Ga shi shekara ta zagayo da baikonsu, uwar Saverio, Signora Titina, ko watan bikin ba ta taɓa ambata ba.

"Ni na yi ta yabon naman ragon nan kamar sakarya," in ji Rossella. "Har ƙari na nema! Kana zaune kana kallona!"

"Ban san yadda zan gaya miki ba, masoyiyata..."

"Kada ka ƙara ce mini masoyiya."

Sai ga Loredana ta leƙo, 'yar maƙwabtansu da ba ta fashin teburin Lahadin gidan, wadda tun suna sakandare take mutuwar son Saverio. Ta kalli kwandon, ta dafe ƙirji.

"Ayya, kin gani? Kada ki ji haushi, Rossella. Ai manya irinku sai abincin manya. Mu 'yan ƙauye ne muke cin na hannun Signora."

Rossella ta zare zoben, ta ajiye shi a kan farantan da ke hannun Saverio, ta fita ta ƙofar baya. Ko sallama ba ta yi wa kowa ba.

Abin haushin shi ne, babu wanda ya kai garin nan alfahari da ita. Lokacin da take ma'aikaciyar kantin magani ta shiga gasar talabijin ta masu girkin gida, daren ƙarshe a dandalin coci aka kafa babban allo. Da aka kira sunanta har limamin coci sai da ya yi tsalle. Daga nan ta buɗe ɗan gidan abincinta a birnin Bari, wata tasha kuma ta ɗauke ta alƙalanci: duk Alhamis tana zaune a bayan tebur tana ɗanɗana girkin sababbin 'yan gasa.

Amma tun ranar da ta ɗaga kofin nan, abu ɗaya ya canza da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Mutane sun daina dafa mata abinci. Ƙawayenta sai dai su ce, "Mu haɗu a waje." Goggonta da ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarta, in ta je sai ta miƙa mata ludayi tana dariya, "Wa zai yi girki a gaban gwana?" Ta ciyar da rabin Bari, ita kuwa a tsaye take cin burodi da cuku a bayan kicin.

Kwana biyu Saverio yana kira, ba ta ɗaga ba. Ranar Talata da hantsi tana yanka albasa haushin ya sake taso mata har wuya. Ta jefar da wuƙar, ta cire rigar girki, ta shiga mota. Aure dai ya mutu, to amma sai ta ji daga bakin matar nan abin da ta yi mata.

Da ta isa gidan su Saverio, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tura ƙofar kicin ta shiga.

Signora Titina tana tsaye a gaban murhu tana tuƙa dakakken wake a tukunyar ƙasa, ga ganyen ɗaci an tsame a gefe. Loredana na zaune tana jiran a zuba mata. Tsohuwar na ganin Rossella ta yi wuf ta rufe tukunyar, ta tare ta da jikinta.

"Ba a sallama a Bari?"

"Signora, tambaya ɗaya na zo yi muku in tafi. Me na yi muku?"

"Kin mayar wa ɗana zobe a kan ƙazamin faranti, kike tambayata?"

"Kun ciyar da ni abincin Peppino! In ba ku so na, ai sai ku faɗa mini a fuska. Maraicina ne ya dame ku? Ko aikina?"

"Ke, kama bakinki!" Tsohuwar ta nuna ta da muciya. "Ina kallonki duk Alhamis. Ranar nan wata mata ta zo daga garin Foggia, a shekaru ta haife ki, ta yi miki abincin da ta ce shi ta yi wa mijinta har ya mutu. Cokali ɗaya kika kai baki, kika ture farantin da yatsa biyu. Yatsa biyu! Matar nan ta fita tana kuka duk ƙasa na kallo."

"Aikina ne, Signora. Gasa ce..."

"To nan ba gasa ba ce! Na ciyar da miji da 'ya'ya huɗu da wannan hannun. Ba za a ture mini faranti a gidana ba, a gaban 'ya'yana. Balle ke da kika riga kika ce girkina na 'yan ƙauye ne, ko karenki ba za ki ba wa ba."

Rossella ta nuna kanta da yatsa.

"Ni? Yaushe na taɓa ɗanɗana girkinku da zan faɗi haka? Wa ya gaya muku?"

Signora Titina ta buɗe baki, sai kuma ta juya a hankali ta dubi Loredana.

Loredana ta fara wasa da cokali. "Ni dai... cewa na yi irin abin da za ta iya faɗa ke nan..."

"Cewa kika yi da kunnenki kika ji. Ke kika kawo shawarar Peppino ma."

"Don in rufa muku asiri ne, Signora..."

"Tashi ki fita."

"Amma waken..."

"Uwarki ma tana da tukunya. Fita!"

Ƙofa ta rufu. Waken na ta ɓararraka a ƙarƙashin murfi. Ƙamshin man zaitun da tafarnuwa ya cika ɗakin, irin ƙamshin da Rossella ta rabu da ji tun tana 'yar firamare, lokacin da take dawowa ta tarar da mahaifiyarta a gaban murhu. Ta so ta ci gaba da faɗa, amma hawaye suka riga ta.

"Kun san rabon da wani ya dafa mini abinci? Tun ranar da na ci gasar nan. Ko Goggo ba ta yi. Na ɗauka in na shigo gidan nan zan sami wadda za ta ce mini zauna ki ci... Shi ke nan abin da nake so, na rantse muku."

Signora Titina ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a wuyan hannunta.

"Dubi hannu kamar sillen kara. Me kike ci a can?"

"Burodi."

"Burodi! Gwanar ƙasa guda, burodi!" Ta fizgo kujera. "Zauna."

Ta buɗe tukunyar. Ta zuba waken, ta ɗora ganyen, ta kwarara mai. Ta dire farantin, ta koma gefe ta harɗe hannu, ta ɗaga haɓa sama kamar mai jiran hukunci.

Rossella ta ci. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta cinye tas, ta yago burodi ta suɗe farantin, sannan ta miƙa shi da hannu biyu.

"A ƙara mini, Mama."

Tsohuwar ta juya baya da sauri, ta daɗe tana laluben ludayin da ke gabanta. Da ta juyo idonta ya yi ja, amma bakin na nan daram.

"Tunda abin ya zama na faɗin gaskiya, ni ma akwai abin da ke cina. Miyar da kika ci gasar da ita. Albasa da tafarnuwa kika haɗa a tukunya ɗaya! A talabijin! Kika kuma ce ta garinmu ce! Sati guda ban iya shiga kasuwa ba don kunya."

"Haba Mama, ai ɗan ƙwaya ɗaya ne na tafarnuwa..."

"Ko rabi ne! Waɗancan alƙalan 'yan arewacin ƙasar nan me suka sani?"

"Amma ta fi daɗi haka!"

"Ji mini yarinya! A kicin ɗina?"

A haka Saverio ya same su, ya dawo daga wurin matsar man zaitun da kayan aiki a jikinsa. Tun daga titi yake jin hayaniyar, ya shigo a guje, sai ya tarar da Rossella baki duk mai, tana musu tana dariya tana share hawaye.

"Rossè... rayuwata... kin dawo?"

"Ba wajenka na zo ba," in ji ta. "Kai da sauranka. Ɗan aiken Peppino kawai!"

"Na yi laifi, na sani. Ki hukunta ni yadda kike so, amma kada ki sake barina..." Ya ciro zoben daga aljihun ƙirjinsa, ya durƙusa a gefen kujerarta.

Ta harare shi har sai da ya fara zufa. Sannan ta miƙa masa hannun hagu, na dama kuwa bai saki cokali ba.

Signora Titina ta zuba faranti na uku, ta ture wa ɗanta.

"Biki watan Satumba, in an gama aikin tumatir. Ka je ka gaya wa limamin coci." Ta juya ga Rossella. "Ke kuma ranar Lahadi ki zo da yunwarki. In na ga kin taɓa mini tukunya, sai na karya wannan hannun."